Shin tauri ne ke ƙara wa ƙwayar harsashi kauri, ko abin da aka narka a tukunya?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina da wata matsala da ta sha mini kai tun makonni uku da suka wuce, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta gabanku maimakon in ci gaba da ɓarnar dalma da lokaci. Ina da mazubi na baƙin ƙarfe mai rami biyu, na ƙwayar .45, wanda aka rubuta cewa yana fitar da kaurin inci 0.452 da nauyin giren 230 (giren shi ne ƙaramin ma'aunin da ake auna nauyin ƙwayar harsashi da shi). Lokacin da na fara zubi, da dalmar daidaita tayar mota na yi, irin mai maƙalin ƙarfe, kuma ƙwayoyin suna fitowa a kan inci 0.452, nauyinsu kimanin giren 238. Da wannan ta ƙare sai na sami tsohon bututun dalma mai laushin da farce ke iya kartawa, na narka shi shi kaɗai ba tare da na ƙara masa komai ba, sai ga ƙwayoyin suna fitowa tsakanin 0.450 da 0.451, nauyinsu kuma ya haura zuwa giren 243. Na ɗauka laushin ne ya jawo, don haka na riƙa sakin su daga mazubi kai tsaye cikin bokitin ruwan sanyi domin su yi tauri su cika, amma ban sami taurin ba, ban kuma sami kaurin ba. Tambayata ita ce, wace alaƙa ce tsakanin taurin gami da kaurin ƙwaya, kuma me ya kamata in yi da wannan dalma mai laushi da nake da ita da yawa?

Maharbin Allo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka gani sananne ne ga duk wanda ya daɗe yana zubi, kuma ƙa'idar a wurina mai sauƙi ce: gami mai tauri yana fitowa da kauri da rashin nauyi, mai laushi kuma yana fitowa siriri da nauyi. Idan ka duba ma'aunin Birinel, wanda da shi ake auna taurin waɗannan ƙarafa, tsantsar dalma tana kan 5, dalmar taya da aka bari ta huce a iska tana tsakanin 9 da 12, gamin kamfanin Lyman mai ƙera mazubi, wanda ake kira mai lamba 2, yana kan 15, dalmar ɗab'i ta Linotype kuma tana kan 22. Ka zuba huɗun nan a mazubi ɗaya, za ka ga kaurin yana hawa a jere kamar yadda taurin yake hawa. Saboda haka ka nemi abin da zai taurara dalmarka, kaurin zai biyo baya da kansa.

Dattijon Zubi:
Malam Maharbi, lambobin da ka kawo daidai ne, jerin da ka yi ma daidai ne, amma hukuncin da ka ɗora a kansu shi ne ainihin abin da ya kai yaron nan ga bokitin ruwa, don haka ba zan bar shi ya wuce ba. Tauri da kauri suna tafiya tare a waɗannan gami huɗu saboda abu ɗaya ne ke haifar da su duka biyun, wato antimoni, wani ƙarfe da ake garwaya shi da dalma. Gamin Lyman mai lamba 2 yana da kashi 90 cikin 100 na dalma, 5 na kuza, 5 na antimoni. Linotype yana da kashi 84 na dalma, 4 na kuza, 12 na antimoni. Dalmar taya tana da antimoni kimanin kashi 3 da ɗan burbushin kuza da asenik. Antimonin ne ke taurara gami, kuma shi ne ke rage yawan tsukewarsa idan ya huce, amma taurin da kansa ba ya ƙara wa ƙwaya ko da kaurin gashi.

Ga gwajin da kowa zai iya yi da hannunsa, kuma na yi shi ba sau ɗaya ba. Ka narka dalmar taya a tukunya ɗaya, ka yi zubi a mazubi ɗaya a zama ɗaya, rabin ƙwayoyin ka sake su a kan tsumma su huce a iska, rabin kuma ka sake su cikin ruwa. Bayan kwana biyu ko uku na cikin ruwan za su kai kimanin 18 ko fiye a ma'aunin Birinel, na iskan kuma suna nan wajen 11, amma idan ka auna kaurinsu ba za ka iya raba su ba. Taurin ya kusa ninkawa, kaurin bai motsa ba. Da tauri ne ke kawo kauri, da na cikin ruwan sun kusa kamo Linotype.

Kai kuma ɗana, dalilin da ya sa ruwan bai yi maka aiki ba shi ne tsantsar dalma ba ta ɗaukar tauri ta hanyar sanyaya ta farat ɗaya. Abin da ruwan ke yi shi ne ya kulle antimoni a cikin jikin dalma kafin ya ware, daga baya ya riƙa fitowa a hankali a matsayin ƙananan ɓarɓashi da ke hana ƙarfen lanƙwasa. Inda babu antimoni, babu abin da za a kulle.

Malamar Kimiyya:
Ina goyon bayan abin da Baba ya faɗa, kuma ina so in ƙara lissafin da ke ƙarƙashinsa, domin idan mutum ya ga daga ina tsukewar take fitowa ba zai sake rikita ta da tauri ba. Tsukewa iri biyu ce. Ta farko tana faruwa a lokacin da ruwan ƙarfe ke daskarewa, inda dalma ke rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na girmanta. Wannan ba ita ce ke rage kauri sosai ba, domin ɗan tafkin dalma da ake bari a saman murfin mazubi shi ne ke ciyar da ramin yayin da cikinsa ke janyewa, shi ya sa za ka ga tsakiyar tafkin ta lotsa. Idan mutum ya yi rowar wannan tafki, sai ya sami rami a gindin ƙwaya ko a cikinta.

Ta biyu ita ce wadda ta shafe mu, wato tsukewar daskararren ƙarfe daga zafin da ya daskare zuwa zafin ɗaki. Tsantsar dalma tana daskarewa a digiri 327 na ma'aunin Selsiyas, kuma tana tsukewa da kimanin kashi 29 cikin miliyan na tsawonta a kowane digiri ɗaya da ta sauka. Idan ta sauka digiri 300, ta rasa kusan kashi 0.9 cikin 100, wanda a ƙwaya mai kaurin inci 0.452 ya kama kusan inci 0.004. Linotype kuwa yana daskarewa ne a wajen digiri 240, don haka tafiyar da zai yi zuwa zafin ɗaki ta gajarta da kusan digiri 90, sannan antimonin da ke cikinsa ba ya tsukewa ko da rabin yadda dalma ke yi. Idan aka haɗa dalilan biyu, tsukewarsa ba ta wuce kimanin kashi 0.6 cikin 100. Bambancin da ke tsakanin 0.9 da 0.6 a ƙwayar .45 ya kai inci 0.0014 ko kusa da haka, a ƙwayar .30 kuma bai wuce inci 0.001 ba, domin abin yana tafiya ne da girman ƙwaya.

Masu ƙera mazubi sun san wannan, don haka suna yanka ramin ya ɗan fi kaurin da suka rubuta, bisa wani gami da suka zaɓa. Kamfanin Lyman, misali, da gaminsa mai lamba 2 yake lissafi. Wanda ya zuba wani gami dabam a wannan mazubi bai kamata ya yi tsammanin lambar da aka rubuta a jikin kwali ba, ko a kauri ko a nauyi. Batun nauyin ma a fili yake: dalma tana da giram 11.34 a kowane kubik santimita, kuza kimanin 7.3, antimoni kimanin 6.7. Ramin da ke ba da giren 230 da gami mai lamba 2 zai ba da kimanin 243 zuwa 244 da tsantsar dalma, ya ba da wajen 221 da Linotype. Lambar 243 da ɗan'uwanmu ya samu ta tabbatar da cewa bututun nasa dalma ce kusan zalla.

Tsohon Mai Ɗab'i:
Na yi shekaru masu yawa ina aiki da injin Linotype kafin kwamfuta ta kore shi daga ɗakunan ɗab'i, don haka bari in saka baki a kan wannan ƙarfe da kuke ta ambata. Injin ya fara aiki a shekarar 1886, Ottmar Mergenthaler ne ya ƙirƙiro shi a Amurka, kuma aikinsa shi ne ya zuba layin rubutu guda cikin daƙiƙu kaɗan, da haruffa masu kaifin baki. An zaɓi wannan gami ne domin yana narkewa a zafi kaɗan, yana shiga kowane lungu na harafi, yana kuma daskarewa kusan a lokaci ɗaya ba tare da ya bi ta matakin kunu ba. A wurin aiki mun taso muna jin ana cewa antimoni kumbura yake yi idan ya daskare, shi ya sa harafi ke cika. Daga baya na fahimci cewa gamin tsukewa yake yi kamar sauran, sai dai tsukewarsa kaɗan ce, kamar yadda Malama ta yi bayani. Ban taɓa ganin ƙwaya ta fito daga mazubi ta fi ramin da ta fito girma ba.

Abin da nake so in ja hankalin duk mai sayen tsohon Linotype a kai shi ne, ba kowane ne ya rage a kan kashi 4 da kashi 12 ba. Mukan narka layukan da aka gama bugawa mu sake amfani da su sau da yawa, kuma a kowane narki kuza da antimoni suna raguwa ta hanyar dattin da ake kwashewa a sama, har sai an ƙara wani gami na musamman domin a mayar da abin da ya tafi. Inda aka yi sakaci da wannan, ƙarfen ya gaji. Haka nan siraran ƙarafan da ake sakawa tsakanin layuka domin tazara sau da yawa sun fi layukan laushi. Saboda haka wanda ya sami tarin kayan ɗab'i ya narka su wuri ɗaya, ya zuba ƙwaya goma ya auna nauyinsu, kafin ya ɗora lissafinsa a kan sunan Linotype.

Mai Awo:
Kafin a tafi da nisa, ina da tambaya ga ɗan'uwanmu mai matsalar: da me kake awo, kuma a ina kake ɗora ma'aunin? Muna magana ne a kan inci 0.001, wato milimita 0.0254, kuma ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamewa da babban yatsa kuskurensa kaɗai yana iya kai wannan adadi. Sai da maikuromita mai karanta kashi ɗaya cikin dubu goma na inci ake iya yanke hukunci, kuma a dalma mai laushi dole a rufe shi a hankali, domin ɗan matsi kaɗan yana lotsa ta ya ba ka lambar da ba ta kai gaskiya ba. Sannan ƙwayar zubi ba kasafai take fitowa da'ira cikakkiya ba. Ka auna a kan ɗamarar ƙasa, wato zoben da ke kewaye jikin ƙwaya wanda ke gogar bututun bindiga, kusa da layin da ɓangarorin mazubi suka haɗu, ka juya ta rubu'i ka sake aunawa, za ka iya samun bambancin 0.0005 ko fiye a ƙwaya ɗaya.

Dalilin tambayata shi ne, bisa lissafin Malama, tsakanin dalmar taya da tsantsar dalma bai kamata a sami gibin da ya kai 0.002 ba. Ina zargin cewa wani ɓangare na abin da ka rasa rashin cika ne. Tsantsar dalma ba ta son shiga lungu, tana buƙatar tukunya mai zafi wajen digiri 390 zuwa 400 da mazubi mai zafi sosai, alhali gami mai kuza yana cika lafiya a wajen digiri 360 zuwa 370. Ka duba bakin ɗamarar ƙwayoyinka da gilashin ƙara girma. Idan ka ga gefen ya yi kwana maimakon ya yi kaifi, ko ka ga tamoji a jiki, to ba su cika ramin ba tun farko, kuma wannan matsala ce ta zafi da kuza. Akwai kishiyarta kuma: gami mai antimoni idan mazubi ya yi zafi fiye da kima yana fitowa da fatar da ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, kuma idan abin ya tsananta ɗamarar kan lotsa, kaurin ya ragu duk da cewa gamin mai tauri ne.

Ɗan Koyo:
Malam Mai Awo, da ma'auni mai zamewa nake amfani, kuma wuri ɗaya nake aunawa. Na je na duba ƙwayoyin yanzu, gefen ɗamarar da yawa daga cikinsu ya yi kwana kamar yadda ka kwatanta. Zan ari maikuromita in sake aunawa.

Maharbin Allo:
Baba, na karɓi gyara a kan abin da ya shafi fitowar ƙwaya daga mazubi, domin gwajin ruwa da iska hujja ce da ba ni da amsarta. Amma ban yarda a ce tauri ba shi da hannu a kauri kwata-kwata ba, domin ba ƙwayar da ta fito daga mazubi ake harbawa ba, wadda ta bi ta ƙarfen matsi ce, wato ƙarfe mai rami da ake tura ƙwaya ta cikinsa domin a daidaita kaurinta. Ina da ƙarfen matsi mai ramin 0.452. Idan na tura ƙwaya mai laushi ta cikinsa tana fitowa 0.452 cif, amma idan na tura mai taurin 20 ko fiye, musamman wadda ta fara da kauri sosai, tana fitowa da ƙarin 0.0003 zuwa 0.0005. Ƙarfe mai tauri yana ɗan dawowa bayan an matse shi, mai laushi kuwa yana zama inda aka ajiye shi. A nan taurin ne da kansa ke aiki, ko daga antimoni ya fito ko daga ruwa.

Dattijon Zubi:
Wannan gaskiya ce, Malam Maharbi, kuma na gode da ka kawo ta, domin nan ne kaɗai wurin da tauri yake taɓa kauri kai tsaye. Shi ya sa mai tsoma ƙwaya a ruwa ya kamata ya matse ta a ranar da ya zuba ta, kafin taurin ya kankama, in ba haka ba zai sha wahalar turawa kuma ya sami kaurin da ya ɗan haura. Akwai wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba: dalma ba kamar tagulla ko baƙin ƙarfe ba ce da ke ƙara tauri idan an bubbuga su. Gamin dalma laushi yake ƙarawa a inda aka murza shi, don haka ƙwayar da aka taurara sannan aka rage mata 0.003 a ƙarfen matsi ta rasa wani ɓangare na taurinta a daidai fatar da za ta gogi bututu.

Sai dai ina so in ja hankalin yaron nan daga neman tauri gaba ɗaya, domin na ga mutane da yawa sun ɓata shekaru a wannan hanya. Abin da ke sa dalma ta manne a bututun bindiga, a mafi yawan lokuta, ƙarancin kauri ne. Idan ƙwaya ba ta toshe bututu ba, iskar wuta mai zafi tana kutsawa ta gefenta, tana yankar dalma tana shafawa a gaba. Ƙwaya mai laushi da ta ɗan gaza tana iya kumbura da bugun farko ta toshe gibin, amma mai tauri da ta gaza ba za ta kumbura ba, don haka ta fi kowace ɓata bututu. Harsashin Minié da aka ƙirƙiro a Faransa a tsakiyar ƙarni na 19 da gangan ake yin sa ƙasa da faɗin bututu, da dalma mai laushi da rami a gindi, domin ya buɗe ya kama tsagin cikin bututu idan an harba. Elmer Keith kuma, maharbin Amurka wanda aikinsa ya kai ga samar da harsashin .44 Magnum, da gamin dalma 16 kuza 1 ya yi yawancin harbinsa, wanda taurinsa bai wuce 11 ba. Ƙwayar .45 mai tafiya a hankali ba ta buƙatar abin da ya fi haka.

Abin da za ka fara yi, ɗana, shi ne ka san faɗin bututunka. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya daga cikin masu laushin nan, ka ɗan bubbuga ta ta ƙara faɗi, ka shafa mata mai, ka tura ta ta cikin bututu mai tsabta da sandar tagulla, bindiga kuma babu komai a cikinta, sannan ka auna inda ta fi faɗi. Abin da aka saba shi ne ƙwayar zubi ta fi wannan lamba da inci 0.001. Daga nan ne za ka san ko 0.451 ta ishe ka ko sai 0.452.

Ɗan Koyo:
Na gode, Baba. Idan na sami Linotype, nawa zan zuba a kan dalmar bututun? Kuma idan kuza kaɗai na ƙara, shin za ta wadatar?

Malamar Kimiyya:
Lissafin ba shi da wuya idan Linotype ɗin bai gaji ba. Awo ɗaya na Linotype a kan awo uku na dalma, bisa nauyi, zai ba ka antimoni kashi 3 da kuza kashi 1, wanda ya yi kusa da dalmar tayar da ka fara da ita, har ya fi ta kuza. Awo ɗaya a kan awo ɗaya zai ba ka dalma 92, antimoni 6, kuza 2, wanda shi ne gamin da masu zubin kasuwa da yawa ke amfani da shi, taurinsa wajen 15 zuwa 16. A mazubinka, gamin farko zai ba da kimanin giren 238, na biyun kimanin 232, don haka sikeli kaɗai zai gaya maka ko lissafin ya fito.

Kuza kuwa aikinta na farko shi ne ta sa ruwan ƙarfe ya shiga lungu, kuma kashi 2 cikin 100 ya isa wannan aiki. Tana ƙara tauri kaɗan, domin gamin dalma 20 kuza 1 yana kai wajen 10, wato ninkin tsantsar dalma, amma ƙarin kaurin da take kawowa ta fuskar tsukewa bai kai na antimoni ba. A wurinka za ta iya dawo maka da abin da rashin cika ya ci, wanda ina ganin ba kaɗan ba ne, sai dai sauran gibin antimoni ne zai cike shi. Kada ka nemi tsantsar antimoni ka ce za ka narka, domin sai a digiri 630 yake narkewa, zafin da dalma ke fitar da tururi mai cutarwa. A cikin gami ake samun sa.

Ina kuma roƙon duk mai karanta wannan da ya kiyaye abu uku. Dalmar taya ta yanzu tana zuwa gauraye da ta tutiya da ta baƙin ƙarfe. Tutiya tana narkewa a wajen digiri 420, don haka idan aka riƙe tukunya ƙasa da 370 za ta taso sama a kwashe ta, amma idan ta narke a ciki gamin zai zama kamar kunu, ya ƙi cika mazubi, kuma ƙwayoyin su fito da ƙarancin kauri da nauyi. Batirin mota kuma kada a kusance shi, domin dattin da ke fitowa daga irin wannan dalma yana iya sakin iska mai guba idan ya haɗu da danshi. Sannan bokitin ruwa ya yi nesa da tukunya, kada kuma a mayar da jiƙaƙƙiyar ƙwaya cikin narkakkiyar dalma, domin ɗigon ruwan da ya nutse a ciki zai watsa ta a fuska. A yi aikin inda iska ke ratsawa, a wanke hannu kafin cin abinci, a nisanta yara daga wurin, kuma kowa ya tabbatar dokar inda yake zaune ta ba shi izinin wannan aiki.

Mai Awo:
Akwai wani abu da ban ji an taɓa ba, wato lokaci. Gami mai antimoni da aka bari ya huce a iska yana ci gaba da ƙara tauri har mako biyu zuwa uku, gamin dalma da kuza kaɗai kuwa yana ɗan yin laushi da daɗewa. A awon da nake yi na lura cewa ƙwayoyi masu antimoni sukan ƙara kauri kaɗan a cikin waɗannan makonni, abin da bai wuce 0.0002 ko 0.0003 ba. Ba abin tayar da hankali ba ne, amma wanda zai kwatanta gami biyu ya auna su a kwanaki iri ɗaya bayan zubi, kuma ya bari su huce sarai, domin ƙwaya mai ɗumi a hannu ba ta gama tsukewa ba.

Dattijon Zubi:
Ni ban cika damuwa da wannan ƙarin ba, Malam Mai Awo, domin bambancin da ke tsakanin rami biyu na mazubi ɗaya yakan fi shi, haka ma ɗan digon dalma da ya maƙale a fuskar mazubi ya hana shi rufewa. Amma sharaɗin da ka kafa na a auna a kwanaki iri ɗaya daidai ne, kuma zan ƙara da cewa a ware ƙwayoyin kowane rami dabam.

Ɗan Koyo:
Iyayena da yayyena, na dawo bayan mako uku da sakamako. Na tura ƙwaya mai laushi ta bututun, maikuromita ya ba ni 0.451. Na sake zuba tsantsar dalma da tukunya mai zafin digiri 395 da mazubin da na ɗumama sosai, gefen ɗamara ya fito da kaifi, kaurin kuma ya tsaya a kan 0.4511 zuwa 0.4513, wato ashe ban rasa yawan abin da na zata ba. Gamin ɗaya bisa uku ya ba ni 0.4520 zuwa 0.4522 da nauyin giren 238. Gamin ɗaya bisa ɗaya ya ba ni 0.4526 zuwa 0.4528 da nauyin giren 233. Na raba na ɗaya bisa ukun gida biyu kamar yadda Baba ya ce, na cikin ruwan farce ba ya kama su yanzu, na iskan kuma yana ɗan kamawa, amma maikuromita bai ga bambanci tsakaninsu ba. Ramin gaba na mazubin yana fin na baya da kimanin 0.0002 a kowane gami.

Dattijon Zubi:
Madalla, ɗana. Tunda bututunka 0.451 ne, ka tsaya a kan gamin ɗaya bisa uku, ka bar shi ya huce a iska, ka bi da shi ta ƙarfen matsi mai 0.452, wanda zai shafi ɗamarar kawai ba tare da ya murje ta ba. Linotype ɗinka zai ninka maka tsawon amfani sau biyu a kan gamin ɗaya bisa ɗaya. Ka rubuta gamin da ranar zubi a jikin gwangwanin da ka ajiye su, ka harba hamsin, sannan ka haska bututun da tocila daga gindi ka gaya mana ko ka ga dalma a inci na farko.